Seymour Benzer: Masanin Da Ya Karanci Ɗabi'a Daga Motsin Ƙuda

Duk mai sayar da mangwaro ko tumatir a kasuwar Illela ya san ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke yanyame kaya da zarar sun fara ruɓewa. Ɗan kasuwa na ganinsu alamar asara. Seymour Benzer kuwa da su ya nemi amsar wata tsohuwar tambaya: shin ana gadon ɗabi'a?

An haife shi a birnin New York na Amurka ranar 15 ga Oktoba, 1921. Ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga Jami'ar Purdue a 1947, sannan ya koma nazarin ƙwayoyin halittar gado, inda ya yi suna. Bambancin halin 'ya'yansa mata biyu, waɗanda suka tashi gida ɗaya, na cikin abin da ya karkato da hankalinsa ga ɗabi'a.

A 1967 ya zama malami a cibiyar Caltech da ke Kalifoniya. Ya ƙirƙiro wata na'ura ta bututun gwaji, yana zuba ƙudaje a ciki, ya kunna fitila a gefe guda, ya ware masu rugawa wajen haske daga masu nawa, ya ƙidaya su. Da haka motsi ya zama abin aunawa da lissafi.

A 1971 shi da ɗalibinsa Ronald Konopka suka gano ƙudajen da agogon jikinsu ya saɓa: kwanan wasu awa 19, na wasu 28, wasu kuma ba su da tsayayyen lokacin hutu. Duk daga canji a ƙwayar gado ɗaya ne, wadda suka kira period. Daga baya aka samu irinta a jikin ɗan'adam.

Benzer ya rasu ranar 30 ga Nuwamba, 2007, bai sami kyautar Nobel ba. A 2017 aka ba Jeffrey Hall, wanda ya yi aiki a ɗakin bincikensa, tare da Michael Rosbash da Michael Young, saboda bayyana yadda agogon ke aiki.

Yau kyamara da kwamfuta ke bin sawun kowane ƙuda. Abin da ake ganowa ya shafi direban dare da ma'aikacin jinya mai kwanan aiki, domin jiki na da lokacinsa, kuma saɓa masa na taɓa lafiya.