Henri Poincaré

Jules Henri Poincaré (29 ga Afrilu, 1854 – 17 ga Yuli, 1912) masanin lissafi da fiziks ne ɗan ƙasar Faransa. Yana cikin waɗanda suka share fagen ƙa'idar dangantaka ta musamman, wadda ta nuna cewa awon lokaci ya danganta da motsin mai aunawa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Nancy, inda mahaifinsa yake farfesan likitanci. Ya shiga École Polytechnique a shekarar 1873, sannan ya karanci aikin injiniyan haƙar ma'adinai. Ya samu digirin digirgir a lissafi a 1879, ya fara koyarwa a Jami'ar Faris a 1881.

Daidaita agogo

A 1893 ya zama mamba a hukumar Bureau des Longitudes, wadda take daidaita agogon garuruwa masu nisa ta wayar tangaraho domin zana taswira. Matsalar ita ce, shi kansa saƙon yana cin lokaci a hanya. A wata maƙala ta 1898, Poincaré ya bayyana cewa ba za a ce abubuwa biyu masu nisa sun faru a lokaci guda ba sai an amince da wani sharaɗi, kamar cewa gudun haske ɗaya ne ta kowace fuska.

A 1900 ya kawo misalin masu awo da ke tafiya tare a miƙe, gudunsu ba ya canzawa. Idan suka saita agogonsu ta hanyar aika wa juna haske, za su ga sun dace, amma wanda ba ya tafiya tare da su zai ga sun saɓa. Da haka ya fassara lokacin wuri da Hendrik Lorentz ya shigar cikin lissafinsa.

Shi da Einstein

A watan Yunin 1905, kowannensu ya gabatar da nasa aikin. Poincaré ya ci gaba da riƙe eta, wani abu da ake zaton haske yana ratsawa, da kuma lokaci na ainihi. Albert Einstein ya ajiye duka biyun, ya ɗauki agogon kowane mai awo daidai da na ɗan'uwansa. Wannan ya sa aka fi jingina ƙa'idar ga Einstein. Sun haɗu a taron Solvay na 1911 a Brussels.

Mutuwa

Ya mutu a Faris yana da shekara 58, bayan an yi masa tiyata. An binne shi a maƙabartar Montparnasse.