Nana Asma'u: Malamar da ta kai ilimi har tsakar gida

Tun da Taliban ta sake karɓe mulkin Afganistan a watan Agustan 2021 aka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disambar 2022 kuma aka hana su shiga jami'a, duk da sunan addini. Rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta isa amsa ga wannan hujja.

An haife ta a Ɗegel a 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ɗanɗana yunwa da fargabar yaƙi. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu da matan da aka kamo, da yawansu ba su da sanin addini. Saboda su ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci matan ƙauye zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙinta na tauhidi da ibada da kyawawan halaye, su koma su karantar da 'yan'uwansu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Yarinyar Gawon Nama da ke sammakon makaranta a yau, gadon Nana take ci.