Madaki Auwa, Matar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne aka gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma shi ne Tarihin Kano ya ce ya fara kulle. Daga cikin matan wannan gida babu wadda sunanta ya fito fili kamar Auwa, wato Hauwa, mahaifiyar Abdullahi wanda ya gaji sarautar.

An sha faɗin cewa 'yar Askiya Muhammadu na Songhai ce. Tushen maganar bai rasa nasaba da bayanin Leo Africanus cewa Askiya ya ci Kano da yaƙi, ya aurar wa sarkinta 'yarsa. Sai dai lissafin shekaru bai goyi bayan haka ba: Askiya ya hau mulki a 1493, alhali a 1499 ɗan Auwa ya riga ya isa riƙon ƙasa da jan runduna.

Ƙarfinta ya bayyana ne bayan rasuwar mijinta. Sa'ad da Abdullahi (1499–1509) ya fita yaƙin Katsina, ya yi zaman wata huɗu a Tsagero, sannan ya zarce ƙasar Zazzau, sai Dagaci, basaraken nan mai asali da gidan sarautar Barno, ya ɗaura niyyar tawaye a cikin birni. Auwa ce ta tare fitinar har sarki ya komo. Al'amarin bai tsaya nan ba, domin Sarkin Barno ya taso wa Kano, sai da Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙanƙan da kai kafin ya juya. Daga baya aka tuɓe Dagaci, aka naɗa bawan sarki a gurbinsa. Matar da ke cikin kulle ba za ta iya wannan aiki ba sai da bayi, da jakadu, da dukiya tata ta kanta. Gidan da ta gina, wanda aka riƙa kira Gidan Madaki Auwa, shaida ne.

Ta kai zamanin jikanta Muhammadu Kisoki (1509–1565), wanda ya yi mulki tare da ita, da mahaifiyarsa Iya Lamis, da ɗan'uwanta Guli. Guli ya ƙasaita har ya tuɓe Yakufu, magajin Kisoki, bayan 'yan watanni a kan gado. Galadima Sara Katuniya ya ja daga da shi, aka kwana arba'in ana gwabzawa a cikin Kano kafin a kashe shi.