William Wilberforce: Ɗan gatan da ya bar teburin caca ya yi shekara 20 yana yaƙar cinikin bayi

Ka ɗauka shekarunka 21, ka gaji dukiya mai tarin yawa, ka iya magana, ga kujerar majalisar dokoki a hannunka, amininka kuma saura shekara uku ya zama firaminista. Me za ka yi da rayuwarka? A wannan hali William Wilberforce ya tsinci kansa a Ingila a 1780, kuma abin da ya fara yi shi ne abin da da yawa daga cikinmu za su yi: holewa.

An haife shi a garin Hull ranar 24 ga Agusta, 1759, a gidan 'yan kasuwa masu hannu da shuni. Ɗan firit ne, ga yawan laulayi, ga raunin gani. Mahaifinsa ya rasu yana da kusan shekara tara, sai aka kai shi riƙo wurin baffansa, wanda gidansa ya riƙe addini kam-kam. Da mahaifiyarsa ta ga yaron ya fara zafin ibada, sai ta ɗauko shi, domin a lokacin manyan Ingila kallon ƙauyanci suke wa irin wannan riƙo. A jami'ar Kambirij, karta da shagali har tsakar dare suka cinye masa lokaci. Can ya san William Pitt, aminin nan da ya zama firaminista yana da shekara 24. Shi kuwa Wilberforce sama da fam 8,000 ya kashe kafin ya ci kujerar Hull. Ka ga ke nan sayen ƙuri'a ba yau aka fara ba.

Sauyin ya zo ne a kan hanya. Tsakanin 1784 da 1785 ya yi doguwar tafiya a Turai tare da wani malami, Isaac Milner. A cikin keken doki suka riƙa karanta Sabon Alkawari suna muhawara. Ya dawo gida hankalinsa a tashe, yana ganin shekarunsa sun tafi a banza. A haka ya shiga sahun Kiristocin da ake kira 'yan Ibanjelika, wato masu bishara. Idan ka san cocin ECWA, to harafin farko na sunan daga wannan kalma ya fito.

Masanin tarihi David Bebbington ya taƙaita aƙidarsu gida huɗu. Na farko, tuba: a wurinsu haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ba, dole mutum ya juyo da kansa, abin da suke kira sabuwar haihuwa. Na biyu, Littafi Mai Tsarki shi ne hujja ta ƙarshe, kuma kowa zai karanta da kansa. Na uku, gicciye: sun yi imani cewa mutuwar Yesu Almasihu ce ta biya bashin zunubi, don haka ceto kyauta ce da ake samu ta bangaskiya, ba a sayen ta da aiki. Na huɗu, imani ba ya zama a ɗaka, dole ya fito fili ta hanyar wa'azi da yi wa jama'a hidima.

Ka yarda da aƙidar ko ba ka yarda ba, dubi yadda ta juya masa yini. Ya fice daga gidajen cacar da yake zuwa. Ya koma tashi da sassafe don karatu da addu'a kafin ya ga kowa. Ya buɗe littafin da yake yi wa kansa hisabi a ciki, yana rubuta laifuffukansa da yadda ya kashe sa'o'insa. Ranar Lahadi ya keɓe ta don ibada da hutu. Ya haddace Zabura ta 119, mai ayoyi 176, yana biya ta a ƙafa idan zai koma gida daga majalisa. Kafin ya yi aure a 1797, yakan bayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ke shigo masa. Gidansa kuma cike yake da tsofaffin barori da ba sa iya aikin kirki, amma ya ƙi sallamar su. Duk da haka bai zama mai ɗaure fuska ba, abokansa sun ci gaba da son zama da shi saboda raha.

Da farko ya so ya bar siyasa gaba ɗaya, yana ganin ƙazanta ce. Sai ya je neman shawara wurin John Newton, limamin coci a Landan wanda a da shi ne kyaftin ɗin jirgin dakon bayi. Newton ya ce masa ya zauna a majalisa ya yi wa Allah aiki a can. A 1787 ya haɗu da Thomas Clarkson, wanda ya bi tashoshin jiragen ruwa yana tattara shaidu, har da sarƙoƙi da ankwa. A lokacin jiragen Birtaniya na kwashe dubun-dubatar 'yan Afirka duk shekara zuwa gonakin rake. Lissafin Wilberforce mai sauƙi ne: in dai kowa mai zunubi ne kuma don kowa aka yi fansa, to bawan da ke ɗaure a cikin jirgi da basaraken da ke majalisa darajarsu ɗaya.

Ranar 12 ga Mayu, 1789, ya yi jawabi na sama da awa uku a kan lamarin. A 1791 aka kayar da ƙudurinsa da ƙuri'a 163, shi yana da 88. A 1796 ƙuri'a huɗu kacal ta raba, bayan wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasan waƙa. Ka ji haushi ko? Haka ya riƙa dawowa, ga ciwon ciki da ya sa likitoci suka ɗora shi a kan maganin ofiyom har ƙarshen rayuwarsa. Sai a Fabrairun 1807 majalisa ta haramta cinikin, 283 suka amince, 16 suka ƙi. Ya zauna a kujerarsa yana hawaye.

Amma kada ka ɗauka shi kaɗai ya yi, ko kuma ba shi da aibi. Bayin da kansu sun yi bore a Haiti a 1791 da Jamaika a 1831. Olaudah Equiano, wanda ya ɗanɗana bauta, ya wallafa tarihinsa a 1789. Dubban gidaje a Birtaniya sun ƙaurace wa sukari. Shi kuma Wilberforce ya goyi bayan dokokin da suka hana leburorin Ingila kafa ƙungiya, abin da ya sa masu suka suka ce tausayinsa na nesa ne, bai ga talakan ƙofar gidansa ba. Ya kuma daɗe yana ganin a hankali ya kamata a 'yanta bayi.

Labarin ya taɓo mu ma. Bayin da sojojin ruwan Birtaniya suka ƙwato bayan 1807 a Freetown ta Saliyo ake sauke su, kuma akwai Hausawa a cikinsu. A Saliyo ɗin ne J. F. Schön, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS, ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843. Wilberforce yana cikin waɗanda suka kafa CMS a 1799.

Ya bar majalisa a 1825 saboda rashin lafiya. Ranar 26 ga Yuli, 1833, yana kwance aka kawo masa labarin cewa dokar 'yanta bayi za ta tsallake majalisa. Kwana uku bayan nan ya rasu. Dokar ta shafi mutum kusan 800,000, sai dai diyyar fam miliyan 20 iyayen gijinsu aka ba, bayin ba su samu ko sisi ba.

Kowannenmu yana da abin da ya rubuta a shafinsa cewa ya yi imani da shi. Wilberforce da biro da takarda yake bin diddigin sa'o'insa. Kai kuwa wayarka tana yi maka wannan lissafi kyauta. Buɗe ta yau da dare ka duba inda yininka ya tafi, sannan ka gwada shi da abin da ka ce ka yarda da shi.