Tarihin Tabib, Baturen da Ya Kawo Jirgin Ruwa a Kan Raƙuma

Yawancinmu mun ji labarin Barth, Baturen nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya zo Kano a 1851. Amma kaɗan ne suka san abokin tafiyarsa Adolf Overweg, wanda mutanen ayari suka sa wa suna Tabib, wato likita. Labarinsa nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus a 1822, ya yi karatun duwatsu da ƙasa. A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya aika wani mutum mai suna Richardson zuwa ƙasashenmu, sai aka haɗa shi da Barth da Overweg. Suka bar Tarabulus cikin watan Maris na 1850. Abin mamaki, cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako. Aka yanka shi gida huɗu, aka ɗora wa raƙuma. Ku dubi wannan al'amari! Mutane suna tafe cikin Hamada suna tattalin ruwan salka, ga kuma jirgi suna ɗauke da shi. Haka suka bi ta Murzuk da Gat, suka shigo Azbin, inda Buzaye suka tatse su ƙwarai.

Farkon 1851 suka rarrabu, da alkawarin a gamu a Kukawa. Barth ya yi Katsina da Kano, Overweg kuwa ya nufi Maraɗi da Gobir. Richardson bai cika alkawari ba, don ajali ya riske shi a hanya. Cikin watan Mayu Overweg ya isa Kukawa, zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu.

To, a nan ne ya yi aikin da ya kawo shi. Da Barth ya tafi Adamawa, sai shi ya sa aka harhaɗa jirgin a bakin Tafkin Cadi, aka sa masa suna Lord Palmerston, ya shiga ruwa ƙarshen watan Yuni. Kafin shi babu Baturen da ya taɓa shiga tafkin da jirgi. Cikin tsibiran akwai wata ƙabila da ake kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Mutanen gaɓa suna tsoronsu ƙwarai, don sukan fito da jirage su kai hari su koma cikin ciyayi. Amma da Overweg ya je sai suka karɓe shi da mutunci. Ya yi kamar mako shida yana bin tsibiri bayan tsibiri, cikin ruwan da dorina da kada da tsuntsaye iri iri suka cika. Tafkin nan ba shi da zurfi sosai, kuma ruwansa na sha ne. A can ne ake kiwon shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa.

Kada mu ɗauka tafkin nan bai shafe mu ba, mu mutanen Ƙaraye da Rogo. Kogin Calawa da aka datse a Ƙaraye a 1992 yana gamuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, daga nan su faɗa Yobe, Yobe kuwa a Cadi yake ƙarewa.

Cikin Satumba na 1852 Overweg ya fita harbin tsuntsayen ruwa, ya shiga ruwa, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi. Zazzaɓi ya kama shi. Ya roƙa a mai da shi Maduwari, ƙauyen da ke kusa da jirginsa, a can ya rasu yana da shekara 30. Aka binne shi a gindin aduwa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne takardunsa. Barth kullum yana gyara abin da ya rubuta, ya koma gida ya buga littafi juzu'i biyar. Overweg kuwa ya bar rubutun gaggawa, yana jiran sai ya sami sukuni, har masana suka kasa karanta da yawa daga ciki. Kusan duk abin da idonsa ya gani a tsibiran nan ya tafi tare da shi. Ga shi kuma tafkin ya canza: daga kamar murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984.

Amma ya bar wani abu. A Kukawa ya 'yanta yara biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Bayan rasuwar maigidansu suka bi Barth har Tumbutu, daga baya har Ingila a 1855, inda aka rubuta labarin Dorugu da Hausa daga bakinsa. Da ya tsufa ya koyar a makarantar Ɗanhausa da ke Nasarawa a Kano, kuma a Kano ya rasu a 1912.