Kaka Moses: mai sayar da man shanu da ta zama gwanar zane

A garin Bennington, cikin jihar Vermont ta ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi inda ake nuna zane-zanen mutanen yankin. Abin da ya fi jawo baƙi can shi ne aikin wata tsohuwa manomiya, Anna Mary Robertson, wadda duniya ta sani da Grandma Moses, wato Kaka Moses. Babu wani gidan kallo da ya kai wannan tara zanenta.

An haife ta ran 7 ga watan Satumba na 1860 a Greenwich, jihar New York. Ɗiyar talakawa ce. Tana da shekara 12 ta bar gida ta shiga aikatau, ta yi shekara 15 tana wanki da girki a gidajen masu hali. A 1887 ta auri Thomas Moses, suka tafi jihar Virginia neman gona. Da ɗan abin da ta tara ta sayi saniya, ta riƙa kaɗa man shanu tana sayarwa. Daga baya ta ƙara da soyayyen dankalin turawa. Ta haifi ƴaƴa goma, biyar suka rasu tun suna jarirai. A 1905 suka koma jiharsu ta asali, suka zauna a ƙauyen Eagle Bridge. Maigidan ya rasu a 1927.

Da tsufa ya zo, ta kama ɗinkin ado da zaren ulu, amma ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura. Sai ta koma ga fenti, tana da shekara saba'in da ɗoriya, ba tare da ta taɓa shiga makarantar zane ba. Abin da ta sani shi ta zana: gonaki, dabbobi, ranar wanki, ƴan makaranta, dusar ƙanƙara bisa tuddai. Ta kai zanen wurin baje kolin manoma tare da ƴaƴan itacen da ta dafa da sukari. Kayan kwalba suka ci kyauta, zanen ko ba wanda ya taya.

A 1938 wani injiniya, Louis Caldor, ya ratsa garin Hoosick Falls, ya hangi zanenta a tagar kantin magani. Dala uku zuwa biyar na kuɗin Amurka ake sayar da kowane. Ya saye su duka, ya shiga yawo da su a birnin New York. Dillalai suka yi ta noƙewa, don suna ganin tsohuwa mai shekara 78 ba za ta daɗe tana kawo haja ba. A 1940 wani dillali, Otto Kallir, ya yarda ya shirya mata nuni nata na kanta. Cikin wannan shekara babban kantin Gimbels ya gayyace ta, ta zo da kwalabenta, ta fi ba jama'a labarinsu bisa ga na zanen.

Lissafin dillalan bai fita ba, domin ta ƙara shekara 21 tana aiki, ta bar zane sama da 1,500. Kamfanin Hallmark ya buga hotunanta a katunan gaisuwa, shugaba Truman ya karɓe ta a 1949. Duk da haka ba ta bar ƙauyenta ba. Ta rasu ran 13 ga Disamba na 1961, tana da shekara 101.

A 2006 an yi gwanjon wani zanenta mai nuna manoma suna dafa sukari daga ruwan itace. Ya tashi dala miliyan 1.2, wato wajen miliyan 600 na sefa a canjin lokacin. Ƙaramar makarantar ƙauyen da ta ɗan zauna tana yarinya kuma, an ɗauke ginin sukutum an kai shi gidan tarihin Bennington, yana nan kusa da zanenta.