Dora Akunyili: Matar Da Ta Yaƙi Jabun Magunguna

Ni 'yar Wurma ce, ta ƙasar Kurfi. Bara gwaggona ta ji ƙullutu a nononta. Wani mai shagon magani ya ce maruru ne, ya yi ta yi mata allura har wata shida. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon daji ne, kuma an makara. Ta rasu ta bar yara huɗu. Haƙiƙa kowa da ajalinsa, amma sakaci laifi ne. Baƙin cikin wannan ne ya sa na nemi tarihin wata mata da irin wannan rashi ya same ta.

An haifi Dora Akunyili a Makurdi ran 14 ga Yuli, 1954. Ta yi karatun haɗa magunguna a Jami'ar Nsukka. A 1988 ƙanwarta mai ciwon suga ta rasu saboda an yi mata allurar insulin ta jabu. Wannan rashi bai bar zuciyarta ba.

Lokacin da take aiki a hukumar PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, likitoci suka ce sai an yi mata tiyata. Hukumar ta ba ta kuɗi ta tafi ƙasar waje. Can aka duba aka ce an yi kuskure, ba ta bukatar aiki. Sai ta dawo ta mayar da kuɗin tiyatar. Wannan riƙon amana ya fito da sunanta.

A 2001 Shugaba Obasanjo ya naɗa ta shugabar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Nan ta ɗaura ɗamara. Ta sa aka riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta matsa wa masu sayar da su a Kano, ta rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha a 2007. Ba su ƙyale ta ba. A Disamban 2003 aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah ya tsare ta. A 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa ta ministar yaɗa labarai.

Abin tausayi, ita ma ciwon daji ne ya zama ajalinta. Ta rasu a wani asibiti a Indiya ran 7 ga Yuni, 2014, tana da shekara 59.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, darasin da na ɗauka shi ne, ita ba ta tsaya ga kuka ba, ta mai da fushinta aiki. Duk wadda ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacinsa ba, ta garzaya asibiti, kada kunya ta hana ta. Kada kuma mu sayi magani a faifan 'yan talla. Ni dai na ƙudura niyyar karanta ilmin magunguna, in Allah ya yarda. Allah ya jiƙan gwaggona, amin.